Wa'adin Kwana Bakwai da Tambayar da Ba Mu Yi Ba

'Yar yayana ta gama digirinta na farko a fannin tarihi, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gida da wata magana da ta hana mahaifinta barci. Wai so take ta koma makaranta ta yi digiri na biyu a kan nazarin tsaro da dabarun yaƙi. Yaya ya kira ni bayan sallar isha'i, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Ka ji abin da 'yarka ta ɗauko? Mace da karatun yaƙi! Soja za ta zama ko me? Ga koyarwa, ga aikin lauya, sai ta tsallake duka ta zaɓi karatun fitina?" Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, ni dai ina bayanta." Ya ce ai daman ya sani, ni ne nake hure mata kunne.

Allah ya sani ban hure mata kunne ba. Amma da ta zo neman shawarata tun farko, da abin da zan ce mata ke nan. Dalilina kuwa yana cikin abin da na gani da idona, na kuma ji da kunnena, a watan Agustan 2023, lokacin da saura ƙiris mu afka yaƙi da Nijar alhali yawancinmu, masu goyon baya da masu adawa, ba mu san tambayar da ya kamata mu yi ba.

Mu ɗan tuna yadda abin ya kasance, tunda mantuwa ba ta yi mana wuya. Ranar 26 ga Yuli dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Mohamed Bazoum. Bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani, wanda ke riƙe da wannan runduna tun 2011, ya bayyana a matsayin sabon shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja a ƙarƙashin Bola Tinubu, wanda mako uku ke nan da karɓar jagorancin ƙungiyar, suka ba sojojin kwana bakwai su mayar da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba za a ɗauki duk matakin da ya kama, har da na ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta katse wutar lantarki ga ƙasar da ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga nan. Ranar 31 ga wata Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar su ya taɓa. Wa'adi ya cika ranar 6 ga Agusta, ba abin da ya faru sai rufe sararin samaniya da Nijar ta yi. Ranar 10 ga wata aka sake taro aka ce a haɗa rundunar ko-ta-kwana. Hafsoshin tsaro suka zauna a Akra, aka fito aka shaida wa 'yan jarida cewa har an tsayar da ranar shiga. Ranar nan har yau ba ta zo ba.

Ni Bakatsine ne, daga irin gidajen nan da rabinsu ke Maraɗi. A cikin kwanakin gwaggona ta bugo mini waya daga can, muryarta na rawa, ta ce, "Wai da gaske ne sojojinku za su zo su harbe mu?" Na ce, "Haba Gwaggo, in sun harbe ku wa suka bari?" Muka yi dariyar da ba ta kai zuci ba. A majalisarmu ta bakin shagon mai shayi kuwa, mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa Najeriya giwar Afirka ce, kwana uku sun isa a gama da su. Mafi yawa na cewa haramun ne, 'yan'uwa ne, aikin Faransa ne. Na kwana biyu ina sauraro, har da abin da ake ta faɗa a rediyo da Facebook, ban ji wanda ya tsaya ya ce: to a ce an shiga Yamai ɗin, an buɗe ƙofar da aka kulle Bazoum, an same shi da rai, daga nan sai me? Wa zai tsare shi washegari? Da wace runduna zai yi mulki, tunda tasa ce ta kama shi? Shekara nawa sojan Najeriya zai zauna, kuma wa zai riƙe Diffa da Tillaberi kafin nan?

Wannan tambaya ta "daga nan sai me" ita ce fatihar karatun da 'yata take son yi.

Akwai wani Ba'amurke, Thomas Schelling, masanin tattalin arziki ne a asali, har ya samu kyautar Nobel a 2005, amma ya fi shahara da abin da ya rubuta a kan barazana a zamanin yaƙin cacar baka. A 1966 ya rarrabe tsakanin barazana iri biyu, kuma duk wanda ya taɓa rigimar gona zai gane abin da yake nufi. Ka ce wa mutum "kada ka kuskura ka shigo gonata" abu ne mai sauƙi, domin in ya fasa ba wanda ya san ya taɓa yin niyya, mutuncinsa na nan. Amma wanda ya riga ya shiga, ya yi shuka, ya kafa bukka, ka tara jama'a ka ce ya fita kafin Juma'a, wannan kana neman ya ci ƙasa ne a bainar jama'a. Na biyun ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ECOWAS ta ɗauko. Ƙari a kan haka, abin da aka nema daga Tiani da mutanensa ya wuce kunya. Sojan da ya kifar da gwamnati ya kuma mayar da ita da hannunsa ya san abin da ke jiransa, shari'ar cin amanar ƙasa. Wato an ba su kwana bakwai su miƙa wuyansu ga wuƙa, ba tare da an nuna musu wata kafa da za su bi su tsira ba. Mutumin da tura ta kai shi bango ba ya lissafin ƙarfinka, lissafin kansa yake yi.

Shi kansa wa'adin, igiya ce da ta ɗaure mai bayarwa fiye da wanda aka ba. Tiani ba abin da ake bukata ya yi sai ya zauna ya ƙirga kwanaki. ECOWAS ce ranar ta takwas take jira da ɗaya cikin biyu, ko ta yi abin da ba ta shirya ba, ko duniya ta gane kurari ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai da muka sanar da ranar tafiyar sannan muka shiga neman gorar.

Ɗaliban wannan fanni kan shafe makonni a kan kwana 13 na Oktoban 1962, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kyuba, duniya ta kai bakin yaƙin nukiliya. Abin da aka fi yayatawa shi ne shugaban Amurka Kennedy ya tsaya ƙyam, shugaban Sobiyet Khrushchev ya ja da baya. Amma Kennedy ya yi alkawarin ba zai mamaye Kyuba ba, sai daga baya kuma aka tabbatar cewa ya amince a asirce zai kwashe nasa makaman daga Turkiyya. Ya matsa, amma ya bar wa abokin hamayyarsa abin da zai koma gida ya nuna. Basinen nan Sun Tzu ya faɗi makamancin haka sama da shekara dubu biyu da suka wuce, cewa rundunar da ka yi wa zobe ka bar mata hanya ɗaya.

Na san abin da ke kan masu wa'adin, Gambiya. A Janairun 2017 Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a zaɓe, sojojin ECOWAS suka tsallaka daga Sanagal ranar 19 ga wata, ranar 21 ya hau jirgi ya bar ƙasar. An yi nasara ba tare da yaƙi ba, kuma abin yabawa ne. Sai dai Gambiya 'yar siririyar ƙasa ce da Sanagal ta kewaye, mutanenta wajen miliyan biyu a lokacin. Adama Barrow, wanda ya ci zaɓen, yana Dakar a sake, an rantsar da shi a ofishin jakadancin ƙasarsa. Shugaban sojojin Gambiya ya ce ba zai sa yaransa su yi faɗa ba. Shugabannin Gini da Muritaniya sun zauna da Jammeh sun sama masa mafita, ya tafi Ikwatoriyal Gini da ransa da kayansa. Nijar kuwa ta fi Najeriya faɗin ƙasa, shugaban da ake son cetowa yana hannun waɗanda za a kai wa hari, rundunar ƙasar ta bi masu juyin mulki, Aljeriya ta ce ba ta yarda ba, Chadi ta ce ba da ita ba. Kwatanta rikici da rikici shi ne rabin aikin mai nazarin yaƙi, kuma mafi yawan ɓarnar da shugabanni suka yi a tarihi daga mummunan kwatanci ta samo asali. Da za a yi kwatancin gaskiya, Laberiya ya kamata a tuna, inda sojojinmu suka shiga a Agustan 1990 da zaton ɗan gajeren aiki ne, suka share shekaru, suka zarce Saliyo, aka yi ta dawo da gawawwaki.

Sai Carl von Clausewitz, hafsan Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, da ya yi yaƙi da Napoliyon, ya rasu a 1831, matarsa ta tattara rubuce-rubucensa ta fara buga su a 1832. (Wannan ma na tuna wa Yaya, cewa littafin da makarantun sojan duniya ke taƙama da shi, ba don mace ba da ya ruɓe a akwati.) Maganarsa da kowa ya haddace ita ce yaƙi ci gaban siyasa ne ta wata hanyar. Mutane kan ɗauke ta kamar kirari ga yaƙi, alhali linzami ce. Nufinsa bindiga ba ta da hankalin kanta, manufar siyasa ce ke faɗa mata inda za ta nufa da inda za ta tsaya, kuma in manufar ba ta fito fili ba, ko farashinta ya fi ta, to a ajiye bindigar. Ya kuma ja hankali ga abu uku da yaƙi ke tsaye a kansu, zuciyar jama'a, da runduna, da gwamnati. A 2023 zuciyar jama'a ce ba a lissafa ba. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kan iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mutumin Illela da na Ƙonni, ko na Maigatari da na Damagaram, kasuwa ɗaya suke ci, maƙabarta ɗaya kakanninsu suke. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa, wadda tsarin mulki ya ce sai da yardarta za a tura soja yaƙi waje, ta ce a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Tun daga ranar barazanar ta mutu, saura jana'iza. Waɗanda aka buɗe wa ƙofa a Yamai tun da wuri kuwa masu rawani ne, Muhammadu Sanusi na II, sannan tawagar malamai da Sheikh Bala Lau ya jagoranta.

Kada wani ya ɗauka ina wanke masu juyin mulki ne. Ba na yi. ECOWAS tana da dalilin tsorata, Mali ta yi a 2020 da 2021, Gini a 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, kowane shugaba a teburin nan yana kallon dogarinsa da wutsiyar ido. Bazoum zaɓaɓɓe ne, kuma tsare shi shekaru ba shari'a zalunci ne ko da wa ya yi shi. Abin da nake cewa a auna aikin da sakamakonsa. An so a dawo da Bazoum, bai dawo ba. An so takunkumi ya sa talaka ya juya wa soja baya, sai duhu da tsadar shinkafa da ƙarancin magani suka tara masa jama'a a filin wasa. An so a riƙe Nijar a cikin ƙungiya, sai ga ƙawancen ƙasashen Sahel na Nijar da Mali da Burkina Faso a 16 ga Satumban 2023, ga sanarwar ficewarsu daga ECOWAS a 28 ga Janairun 2024. Aka janye takunkumin a Fabrairu ba tare da an samu komai a madadinsa ba, ficewar ta tabbata a Janairun 2025, Tiani ya yi rantsuwar shekara biyar a Maris. Mu na bakin iyaka kuma muka rasa haɗin kan maƙwabcin da muke bukata a kan 'yan bindigar da ke shawagi tsakanin Sakkwato da Tawa.

Wannan karatu ba a barikin soja aka haife shi ba. Kujerar farfesa ta farko a duniya a kan siyasar ƙasa da ƙasa an kafa ta ne a 1919 a Aberystwyth, wani ƙaramin gari a yankin Wels na Birtaniya, da kuɗin wani attajiri, David Davies, wanda ya je yaƙin duniya na farko ya ga yadda aka ƙarar da samari, ya ce a zauna a binciki abin da ke haddasa yaƙi kamar yadda ake binciken annoba. Sashen nazarin yaƙi na kwalejin King's da ke Landan, wanda Michael Howard ya assasa a farkon shekarun 1960, farar hula ne suka cika shi. Mu ma ba za a ce ba mu da wuraren ba. Ga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna tun 1964, ga kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji tun 1976, ga cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta Kuru tun 1979, ga kwalejin tsaro ta Abuja tun 1992, ga jami'o'in da ke koyar da nazarin zaman lafiya da sasanta rikici. Matsalar ita ce ilimin yana bayan katanga, kuma da Turanci yake magana. Wanda aka ƙone wa rumbu a Batsari, da ɗan majalisar da ke wakiltarsa, da ɗan jaridar da zai yi wa gwamna tambaya, da limamin da zai hau mumbari ranar Juma'a, duk a waje suke.

A ƙarshen Disamban 2024 Tiani ya zauna a gidan talabijin ɗin ƙasarsa ya yi doguwar hira da Hausa, yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa. Kafin gari ya waye maganar ta zagaye wayoyin Arewa, sai da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ya fito da Hausa ya mayar da martani. Fagen daga na yau ke nan. Mai son ya juya tunanin mutanenmu ya san harshen da zai yi amfani da shi, masu ilimin da za su taya jama'a tace zancen kuwa suna can suna gabatar da maƙala a otal-otal ɗin Abuja.

Talaucin nan bai tsaya a kan Nijar ba. Shekara nawa muka yi muna gardama a kan ɓarayin daji da kalma biyu kacal, a yi sulhu ko a buɗe wuta? An yi sulhu a Zamfara a ƙarshen 2016 da Buharin Daji, bai daɗe ba ya warware, shi kansa a 2018 wani daga cikin nasu ya kashe shi. An sake yi a 2019 a Zamfara da Katsina, har Gwamna Masari ya fito daga baya ya ce an ci amanarsa, ba zai ƙara ba. Aka juya ga ƙarfi, a Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka. Kowane zagaye sai mu kammala da cewa mutanen nan ba su da alkawari, ko gwamnati ba da gaske take ba. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, amma ba su bayyana dalilin da ya sa abu ɗaya yake ta maimaituwa ba. James Fearon, wani masanin siyasa Ba'amurke, ya yi bayaninsa a 1995, ba tare da ya taɓa jin sunan Dansadau ba. Ya ce ko ɓangarori biyu sun gaji da faɗa, sulhu kan gagara idan ba wanda zai iya lamunce wa ɗayan cewa ba zai saɓa ba gobe. Mai bindiga ya san ranar da ya ajiye ta 'yan sa-kai na iya tare shi a hanyar kasuwa. Ƙauye ya san ranar da ya sallami 'yan bangarsa ba abin da zai hana a dawo masa. Ga shi kuma ba shugaba ɗaya za ka yi magana da shi ba, dabobi ne barkatai, wanda bai sa hannu ba ribarsa ya lalata. Shi ya sa a Kolombiya, bayan yarjejeniyar 2016, 'yan tawayen FARC ba gwamnati suka miƙa wa makamansu ba, jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya suka miƙa wa. Wanda ya san wannan ba zai tambayi gwamna ko zai yi sulhu ba. Zai tambaye shi wa zai tsaya a tsakani, wa zai ƙirga bindigogin, kuma me zai faru da wanda ya fara saɓawa.

Johan Galtung, ɗan Norwe da ya rasu a 2024, shi kuma ya raba zaman lafiya gida biyu, wanda shirun bindiga ne kawai, da wanda aka kawar da zaluncin da ya sa aka ɗauki bindigar. Ƙauyen da ke biyan harajin noma ga ɗan ta'adda kafin ya girbe geronsa ba a harbi a cikinsa, kuma a rahoton hukuma lafiya lau yake.

Yanzu ga abin da Yaya ya jefe ni da shi, kuma ba shi kaɗai ba: duk sunayen nan na Turawa ne, me suka sani a kan dajin Rugu? Na yarda rabi. Manhajar da ta fara da Girka ta ƙare da Washintan ba ta ishe mu ba. Amma wanda ya ce mu ba mu da wannan ilimi bai buɗe akwatin kakansa ba. Bayan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun ci Birnin Gazargamu, hedikwatar Borno, a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto wa Sakkwato yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi da zakka. Ya ce in don zunubi ne, saɓo ba kafirci ba ne, kuma ba ƙasar da babu shi. Muhammadu Bello ya amsa cewa sarakunan Borno sun taimaki maƙiyan jama'a, ya kuma kawo wasu al'adu da yake ganin shirka ne. Aka yi ta musayar wasiƙu. Abin da ya fi burge ni shi ne Bello bai ɓoye hujjar abokin gabarsa ba, ya kwafe ta a cikin Infaƙul Maisuri don na baya su karanta su yi hukunci. Muhawara ce a kan halaccin yaƙi da ba ta gaza kowace irinta a duniya ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ja daga a Tafkin Kwatto a 1804, ya bar runduna tun yaƙi bai ƙare ba saboda ya ga neman duniya ya shiga zukatan mayaƙa, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Bello da ya hau mulki ya gane hari da komawa gida ba ya tsare iyaka, sai ya kafa garuruwan ribaɗi, ya zaunar da makiyaya, ya sa a yi noma da karatu a bakin daga, shi kansa a Wurno ya rasu a 1837. A 1903 kuma, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari ya zauna ya yi sulhu, ya kuma rubuta hujjarsa ga malamai. A cikin ɗalibanmu nawa ne aka taɓa sa su zauna su auna waɗannan zaɓi biyu ba tare da zagi ko kirari ba?

Akwai suka ta biyu wadda ta fi wannan nauyi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Masu karatun ma suna jefa ƙasa a rami. Robert McNamara, sakataren tsaron Amurka a shekarun 1960, da haziƙan da ya tara a ma'aikatarsa sun auna yaƙin Biyetnam da ƙidayar gawawwaki, suka yi ta cin nasara a takarda har suka sha kashi, shi da kansa ya amsa a 1995 cewa sun yi kuskure babba. Har ra'in Schelling na matsa wa abokin gaba sannu a hankali ana danganta shi da ruwan bama-baman da aka yi wa Biyetnam ta Arewa, wanda bai sa ta durƙusa ba. Ilimi na iya zama rigar da wauta ke sawa ta shiga fada. Abin da zan iya cewa kawai, a Satumban 2002 malamai 33 na wannan fanni, har da Schelling ɗin, sun sayi fili a jaridar New York Times suka ce yaƙi da Iraƙi ba maslahar Amurka ba ne, ƙasar a rarrabe take, kuma ba a tanadi hanyar fita ba. Ba a saurare su ba. Amma da abin ya lalace, jama'a sun san an faɗa, sun san wanda za su tuhuma. Mu fa? Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum 85 aƙalla suka rasu, kusan shekara bakwai bayan irin haka ta faru a sansanin 'yan gudun hijira na Rann. Muka yi kuka, muka yi Allah ya isa, aka kai ta'aziyya da buhunan shinkafa. 'Yan ƙalilan ne suka iya tambayar wa ke tantance abin da za a harba, mataki nawa ake bi kafin a danna, kuma me aka gyara tun daga Rann. In an ce maka sha'anin tsaro sirri ne, sai ka san abin da ya cancanci sirri da wanda ake fakewa da shi, kuma wannan ma karatu ne.

Abin da nake fata ba babba ba ne. A samu masu wannan ilimi da za su iya zama a gidan rediyo su warware shi da Hausar da gwaggona za ta gane. A fassara wasiƙun Bello da al-Kanemi a sa su kusa da Clausewitz a aji ɗaya. Kwamitin tsaro na majalisa ya samu ko da mutum biyu da za su karanta kasafin kuɗin soja su gane inda aka yi tsalle. Ba na yi wa kowa alkawarin aiki, kuma na san akwai masu takardar shaidar nazarin zaman lafiya da ba abin da suka iya sai shirya taron bita da rabon kuɗin mota.

Yaya bai sauko gaba ɗaya ba. Ya dai ce ta nema, in an ba ta shi ke nan, amma kuɗin makaranta ni da na ɗaure mata gindi sai in biya rabi. Na ce na ji na gani. Makon jiya ta turo mini taken binciken da take son yi, a kan yarjejeniyoyin da ƙauyukan yammacin Katsina ke ƙullawa da 'yan bindiga da kansu, wa ke zuwa, me ake rantsewa a kai, wata nawa suke yi kafin su karye. Na tambaye ta ta yaya za ta samu masu ba ta labari. Ta ce, "Baba, matan da suka yi gudun hijira suna nan cike da bayan tasha, ba wanda ya taɓa tambayarsu."